Daga Agege Zuwa Abekuta: Garin da Muka Fi Shekara Ɗari Muna Wucewa

Duk wanda ya tashi a Zangon Agege ya san kukan jirgin ƙasa tun kafin a kai shi makarantar allo. Layin dogo ne ya raba mana gari biyu, shi ne kuma ya kawo yawancin kakanninmu nan. Amma in ka tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a ka tambayi mutum goma, wa ya taɓa sauka a Abekuta don kawai ya ga gari, da wuya ka sami biyu. Mun san sunan, mun san ana wucewa ta can in za a je Badun ko Arewa, wasunmu ma suna da 'yan uwa a Sabon garin. Iyakarta ke nan. Ni ma haka nake har wata Asabar da na ɗebi yaran gidanmu uku, dukansu haihuwar Agege, muka hau jirgin safe muka dawo a na yamma. Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne, na gano cewa tarihin garin nan ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Mun hau a tashar Agege, wadda aka sa wa sunan Babatunde Raji Fashola. Wannan sabon layin na Legas zuwa Badun tsawonsa kilomita 157 ne, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina shi, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya ƙaddamar da shi ranar 10 ga Yuni, 2021. Faɗin da ke tsakanin ƙarafansa milimita 1,435 ne, na tsohon layin Turawa kuwa 1,067, shi ya sa wannan ya fi gudu kuma bai cika girgiza ba. Daga Agege zuwa Abekuta awa guda ne da 'yan mintuna. Za ka wuce Agbado da Kajola da Papalanto, ka ga gidaje suna raguwa, gonakin rogo da itatuwan kwakwar manja suna ƙaruwa.

Ƙaramin cikin yaran ya leƙa taga ya ce, “Kawu, wai da can ma ta nan ake bi?” Na ce masa kusan ta nan ɗin ne. A ƙarshen shekarun 1890 Turawa suka fara shimfiɗa dogo daga Iddo, ya bi ta Agege da ƙasar Egba, ya isa Badun a 1901. Daga can ya miƙe Ilori da Jebba. Dogo ya shiga Kano a 1911, a 1912 kuma aka fara zirga-zirga sosai tsakaninta da Ikko, kodayake kafin a gama gadar Jebba sai an ɗora taragu a kan jirgin ruwa an ƙetare Kwara da su.

Kafin wannan lokaci, goron da ake ci a ƙasar Hausa daga Gwanja yake zuwa. Fatake kan yi watanni a hanya da jakuna, madugu na gaba, su je Salaga su dawo. Da Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi a 1874, kasuwar Salaga ta fara mutuwa, goro ya koma bin teku zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi wannan fatauci ta Ankara da Ikko kafin ya shahara da gyaɗa. Daga baya manoman Yarabawa na yankin Agege da Ota da ƙasar Egba suka shiga dasa irin wannan goro a gonakinsu. Har yau Bayarabe na kiransa “gbanja”, wato na Gwanja, don ya bambanta shi da nasu na gargajiya da suke kira “abata”. To ka ga, ga goro a gona, ga jirgi a bakin gona, ga masu ci a Arewa. Abin da ya rage shi ne mai saye, mai zaɓe, mai ɗaure huhu da ganye yadda zai kai Kano bai bushe ba. Wannan aikin shi ya zaunar da Bahaushe a Agege da Ifo da Abekuta da Shagamu. Shanu su gangaro, goro ya hau. Zangonmu ɗan dogo ne, kuma dogon nan ta ƙasar Egba ya ratsa.

Tashar Abekuta tana ɗauke da sunan Farfesa Wole Soyinka, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1986, kuma a garin ya yi ƙuruciyarsa. Tashar tana ɗan nesa da tsakiyar gari, sai ka ɗauki tasi. Muka ce a kai mu Dutsen Olumo, don daga nan labarin ya fara. Ma'anar sunan Abeokuta da Yarabanci ita ce “ƙarƙashin dutse”, mu ne muka sauƙaƙa shi a bakinmu ya koma Abekuta.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙarancin shekarun garin. In ka kwatanta shi da Kano ko Katsina, jiya-jiya aka kafa shi, wajen 1830. Mutanen Egba da can ba a nan suke ba. Suna warwatse ne a ƙananan garuruwa masu yawa a cikin kurmi, har zuwa inda Badun take a yau, kuma suna ƙarƙashin Alafin na Oyo, babban birnin da kakanninmu ke kira Katunga. Wakilan Alafin suna zaune a garuruwansu suna karɓar haraji suna zalunci. A ƙarshen ƙarni na 18 wani mutum mai suna Lisabi ya yi wata dabara. Egba suna da al'adar taimakon juna a gona da suke kira “aaro”, daidai da gayyarmu. Lisabi ya mai da ƙungiyoyin gayyar nan rundunar ɓoye, a lokaci guda suka far wa wakilan Alafin suka kashe su, suka kuma kori rundunar da Oyo ta aiko. Har gobe Egba na kiran kansu 'ya'yan Lisabi.

'Yancin bai daɗe ba, kuma a nan ne tarihinmu ya shigo ciki. A 1817 Afonja, babban kwamandan yaƙin Oyo da ke zaune a Ilori, ya yi wa Alafin tawaye. Ya haɗa kai da Shehu Alimi, ya kuma yi kira ga Musulmin da ke cikin bauta a ƙasar Oyo su gudo wurinsa. Da yawa daga cikinsu Hausawa ne, masu kiwon dawakai da wanzamai da masu tufkar igiya. Suka gudo kuwa. Bayan 'yan shekaru aka kashe Afonja, Ilori ta zama masarauta a ƙarƙashin Gwandu, Katunga kuma ta watse a cikin shekarun 1830. Mutanen Oyo suka yi ta kwararowa kudu da makamansu, ba gona ba gida.

A daidai wannan lokaci wani yaƙin ya ɓarke a kudu, wanda ake kira yaƙin Owu. Masu ba da tarihi sun ce rigima ce a kan cinikin citta a kasuwar Apomu ta kunna shi. Ife da Ijebu suka haɗu da 'yan gudun hijirar Oyo suka rushe Owu, daga nan suka juya kan garuruwan Egba suna ƙonawa ɗaya bayan ɗaya, suna kama mutane suna sayarwa a bakin teku. Waɗanda suka tsira suka taru a sansanin Badun, zaman bai yi daɗi ba, sai wani jarumi mai suna Sodeke ya ja su zuwa gindin wannan dutse a gefen kogin Ogun.

Tsayin dutsen mita 137 ne in an auna daga matakin teku. Akwai matakala, an kuma gina na'urar hawa don tsofaffi. A tsakiyar hanya mai rakiya zai nuna maka kogunan da mutane suka ɓuya a ciki, wurare ne da sai ka sunkuya kafin ka shiga. Akwai ramuka a jikin dutsen inda mata suka riƙa niƙa barkono har dutse ya lotsa. Wallahi da na ga ramukan nan jikina ya yi sanyi. Akwai kuma wurin bautarsu ta gargajiya da tsofaffin mata ke kula da shi. Ba wanda zai tilasta maka komai, ka gaishe su ka wuce, kamar yadda kake son baƙo ya yi in ya zo wucewa ta ƙofar masallacinka.

Da ka kai ƙololuwa sai garin ya shimfiɗu a gabanka, rufin kwano mai tsatsa iya ganinka, ga kogin Ogun, ga hasumiyoyin babban masallacin Kobiti, ga cocin Ake. A nan ne mai rakiyar ya faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Ya ce kowace ƙungiya da ta iso sai ta kama gefe ta sa wa unguwarta sunan garin da ta baro. Ake, Kemta, Itoku, Igbein, Ijemo, duk sunayen garuruwa ne da aka ƙone. Shi ya sa har yau garin ke da manyan sassa huɗu, kowanne da sarkinsa: Alake na Egba Ake, wanda shi ne babba, Osile na Oke-Ona, Agura na Gbagura, da Olowu na Owu. Mutanen Owu ma daga baya suka iso, aka karɓe su aka ba su wuri. Babban cikin yaran ya ce, “Ashe su ma zango suka yi, Kawu.” Na ce ai kuwa ka faɗi gaskiya. Mutanen da muke kira 'yan ƙasa, kakanninsu sun san abin da ake nufi da barin gida, da kwana a inda ba ka san kowa ba, da riƙe sunan garinku don kada 'ya'yanka su manta.

Ba a bar su sun huta ba. A watan Maris na 1851 Sarki Gezo na Dahome ya kawo musu hari da babbar runduna, cikinta har da sojojinsa mata da suka yi suna wajen rashin tsoro. Aka gwabza a bakin ganuwa ta wajen Aro, Egba suka kore su. A 1864 ɗansa Glele ya sake dawowa, shi ma ya koma da kunya. Cikin waɗanda suka taimaka da bindigogi da albarushi akwai Madam Tinubu, attajirar da aka kora daga Ikko a 1856 ta dawo Abekuta, daga baya aka naɗa ta Iyalode, shugabar matan Egba. Ita ce mai sunan dandalin Tinubu da ke cikin Ikko, wanda da yawanmu ke wucewa ta gabansa ba mu san ko wace ce ba.

Daga Olumo muka gangara kasuwar Itoku, ba nisa. Nan ne cibiyar adire, rinin Yarabawa. Wani a ɗaure shi da zare kafin a tsoma, wani a zana masa ado da kunun rogo yadda shuni ba zai kama wurin ba. Duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata a Kano zai ji warin nan ya gane shi. Bambancin shi ne, a wurinmu rini aikin maza ne a rijiyoyin marina, a nan kuwa mata ne ke riƙe da sana'ar, uwa ta koya wa 'ya. Sai dai a yi hattara wajen saye, don akwai na inji da aka kwaikwaya ake shigowa da shi daga waje, yana da araha amma ba ya kai na hannu. Masu sana'ar suna kuka da shi kamar yadda marinanmu ke yi.

Sai unguwar Ake, inda fadar Alake take. A nan 'yan mishan suka zauna a 1846, Henry Townsend da Samuel Ajayi Crowther. Shi Crowther an kama shi bawa yana yaro, aka 'yanto shi a teku aka kai shi Saliyo, kuma a Abekuta ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa bayan shekara ashirin da biyar. A 1859 Townsend ya fara buga Iwe Irohin, jarida ta farko a ƙasar da ta zama Nijeriya. In ka tuna cewa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ta fara fitowa, za ka ga tazarar shekara tamanin, za ka kuma fahimci dalilin da ya sa boko ya yi zurfi a wannan gari. Amma kada a ɗauka garin Kirista ne zalla. Musulunci ya daɗe a cikinsa, musamman a sashen Gbagura, inda Alhaji M.K.O. Abiola ya fito, mutumin da Kanawa suka zaɓa a 1993 suka bar ɗansu Bashir Tofa.

Wani abin da ban sani ba sai a wannan tafiya shi ne, Abekuta ta riƙe 'yancinta bayan Sakkwato da Kano sun faɗa hannun Turawa a 1903. A 1893 Gwamna Carter na Ikko ya sa hannu a yarjejeniyar da ta amince da 'yancin Egba. A 1898 suka kafa gwamnatinsu ta haɗin kai, da kotuna da ma'aikata, har Alake Gbadebo ya ziyarci Ingila a 1904 a matsayin sarkin ƙasa mai cin gashin kanta. Sai a 1914, bayan wata tarzoma a unguwar Ijemo da aka harbe mutane, Lugga ya sami hanyar soke yarjejeniyar ya haɗe su da sauran Nijeriya.

Lugga ya so ya kawo musu irin tsarin da ya tarar a Arewa, sarki ɗaya mai cikakken iko da haraji a kan kowane kai. Egba ba su saba da haka ba. A watan Yunin 1918 dubban mutanen karkara suka yi bore, abin da ake kira yaƙin Adubi. Suka tumɓuke ƙarafan dogo, suka yanke wayar tangaraho, suka kashe Osile da wani Bature ɗan kasuwa, sai da aka kawo sojoji aka kashe ɗaruruwa kafin wutar ta mutu. Yankin da muka ratsa da safe muna shan sanyin tarago, a nan aka yi wannan ɗauki-ba-daɗi. Dogon da ya zame mana hanyar abinci, su a lokacin hanyar kawo soja da mai karɓar haraji suka ɗauke shi.

Rigimar haraji ba ta ƙare a nan ba, don har mata aka sa wa. A 1946 Funmilayo Ransome-Kuti, mahaifiyar Fela, ta jagoranci kafa ƙungiyar matan Abekuta, ta haɗa 'yan boko da matan kasuwa. A 1947 da 1948 dubban mata suka riƙa mamaye ƙofar fada suna kwana a nan suna waƙoƙin zambo. Ƙarshenta aka soke harajin mata, a watan Janairun 1949 kuma Alake Ademola ya sauka daga gadon sarauta ya bar gari, sai daga baya ya dawo. Labarin matan nan ya kai har Zariya. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta yi tattaki zuwa Abekuta don ta gana da Funmilayo. Tashar Papalanto da muka wuce, sunan Funmilayo aka sa mata. Kusa da fadar akwai babban zauren da aka gina a 1930 don cikar garin shekara ɗari. A 1976 kuma Janar Murtala Muhammad, ɗan Kano, ya ƙirƙiro jihar Ogun ya mai da Abekuta babban birninta, mataimakinsa a lokacin shi ne Obasanjo, ɗan Owu.

Da azahar ta yi muka ƙetare gadar kogin Ogun zuwa Lafenwa, inda tsohuwar tashar jirgi take, daga nan muka shiga Sabo. Kai ka ce Zango ka dawo. Ga mai shayi, ga mai tsire, ga kwandunan goro, ga almajirai, ga rediyo na Hausa. Ba mamaki Sabo ta zauna a wannan gefen, kusa da tasha, don inda jirgi ke tsayawa nan Bahaushe ke sauke kaya. Muka yi salla muka ci abinci. Wani dattijo da muka gaisa da shi ya tambaye mu daga ina, muka ce Agege, ya ce wurin wa muka zo, muka ce gari muka zo gani. Ya yi dariya ya ce, “Malam, ni a nan aka haife ni, ga furfura, amma ban taɓa hawa dutsen nan ba.” Ban yi masa dariya ba, don nisansa da dutsen bai kai nisana da teku ba, ni ma kuwa sau nawa na je?

Wannan shi ne abin da ke damuna. Mun iya Yarabancin ciniki, mun san farashi, mun san wanda za a gani in an kama mana kaya. Amma ba mu san labarin mutanen da muke kwana muna tashi a cikinsu ba, su ma ba su san namu ba. Ranar lafiya ba a ganin illar wannan. Sai ranar da ƙaramar magana ta zama babba, kamar yadda aka gani a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da kasuwar Shasha ta Badun a 2021, sannan za ka ga maƙwabcin shekara talatin ya koma “Bahaushe” kawai, kai ma ka mai da shi “Bayarabe” kawai. Ban ce hawa dutse zai hana faɗa ba. Amma yaron da ya san cewa Egba sun taɓa zama 'yan gudun hijira, ya san goron da kakansa ya ɗaure a gonar wa aka tsinko shi, ya san Gambo Sawaba ta zo nan neman shawara, ba zai yi saurin yarda da mai ce masa ba abin da ya haɗa mu da mutanen nan ba. Kuma in wani ya ce masa baƙo, yana da amsar da zai bayar cikin ladabi, da shekaru da sunaye.

Ga wanda ke son zuwa, a nemi tikiti tun da wuri, yanzu ta intanet ake saye, kuma ranakun ƙarshen mako yakan ƙare. A sayi na dawowa tare da na tafiya. A duba jadawalin ranar, a isa tasha da sauran lokaci, don wannan jirgin ba ya jiran kowa. A sa takalmin da ba ya santsi saboda dutsen, a riƙe ruwa, a yi ciniki da mai tasi kafin a shiga. Wuni guda ya isa a ga Olumo da Itoku da Ake da Sabo in ba a yi nawa ba.

Ina kira ga malaman Islamiyyunmu da ƙungiyoyin matasa su shirya irin wannan tafiya ko sau ɗaya a shekara, lokacin hutu, maza da mata. Kuɗin da ake kashewa a walimar sauka guda ɗaya zai kai aji guda Abekuta ya dawo da su. Sannan kafin a tafi, a zauna da dattawanmu da suka yi lodin goro a tsohuwar tasha, a ɗauki maganarsu a waya a ajiye. Egba sun riƙe sunayen garuruwansu kusan shekara ɗari biyu, kowane yaro ya san unguwar da kakansa ya fito. Mu kuwa tsofaffinmu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da labarin yadda aka kafa Zango a cikinsu.

Mun iso Agege ana kiran magariba. Yaran suka shiga gida da ƙyallen adire da suka saya wa kakarsu, ita kuwa ta juya shi ta shinshina ta ce wannan ai baba ne, ina kuka samo shi. Allah ya ƙara mana zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya jiƙan magabatanmu da suka share mana wannan wuri.